Gamba, Ciyawar Iyakar Gona

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Maska ko Malumfashi a ƙarshen damina zai ga wata doguwar ciyawa a gefen gonakin masara da auduga, ta ɗara mutum tsawo, kanta fari-fari da gashi. Gamba ke nan. Yawancinmu kallon abin da ya fito da kansa muke yi mata, alhali wadda ke jere a kan iyaka, sau da yawa hannun kakanni ne ya dasa ta.

Bambancinta da kyasuwa, wadda ke mutuwa duk shekara ta bar iri, shi ne gamba ba ta mutuwa da rani. Samanta ne ke bushewa, gindin yana nan da rai. Sirrin yana cikin saiwarta, wadda iri uku ce: akwai sirara da ke bazuwa kusa da fuskar ƙasa suna tsotse ko da yayyafi ne, akwai masu kauri da ke ajiye abinci, sannan akwai masu nutsawa can ƙasa neman laima. Shi ya sa ko gobarar daji ta lashe ta, kafin wani lokaci sai ka ga ta tofo. Shi ya sa kuma da bazara, lokacin da harawa ta ƙare kuma shanu suka rame, ita ce kan gaba wajen fitar da ɗanyen ganye da an yi ruwan fari.

Sai dai amfaninta ya danganta da lokacin yanka. Tana ƙarama ganyenta laushi gare shi, dabbobi na rububinsa, kuma yana gina jiki. Da ta yi kara ta fid da kai wajajen Oktoba, ƙarfin abincin ya ragu ƙwarai, ta koma ta masu saƙar zana da masu jinka. Mai son ciyawar ajiya sai ya yanke kafin ta fid da kai, ya shanya a inuwa. Mai son zana kuwa sai ya jira ta ƙosa. Ba a cin riba biyun a yanka ɗaya.

Wasu ƙasashe sun ga darajarta. Daga tashar binciken Shika, wadda ke kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, inda cibiyar NAPRI take a yau, aka kai irin gamba cibiyar CIAT a Kolombiya. A 1980 aka fitar da shi ga makiyaya da sunan Carimagua 1, Barazil kuma ta sa masa Planaltina, aka shuka shi a manyan filayen kiwo masu ƙasa mara ƙarfi. A Ostireliya kuwa labarin ya juye. An kai ta can don kiwo tun shekarun 1930, ta tsere daga gonaki ta cika dazukan arewacin ƙasar, wutarta ta riƙa ƙone manyan itatuwa, har a 2012 aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Can babu mai yankanta don zana ko jinka, sai ta taru ta zama makamashi.

Mu a nan matsalarmu ƙarancinta ce. Kwano ya kori jinka, tarakta na cinye iyaka, maganin feshi kuma bai san gamba da tofa ba. A ganina wannan asara ce da ba a lissafawa. Jerin gamba na tare ruwan da ke kwashe ƙasa da taki a gangare, kuma shaida ce da ke rage jayayya tsakanin maƙwabta, domin gindinta ba ya matsawa da dare.

Dasa ta ba wuya. Irinta mara nauyi ne, iska na kwashe shi, tsirowarsa kuma ba tabbas, don haka ya fi sauƙi a tsaga tsohon gindi, a datse ganyen, a dasa tsagin da saiwarsa idan damina ta zauna, wajajen Yuli, a bar tazarar taku guda. A shekarar farko a hana dabbobi cinye ta har ƙasa. Kuma a riƙa yanke busasshiyar da ke kusa da rumbu ko tarin amfani kafin hunturu ya kankama, don gudun gobara.