Yadda Ake Kiwon Ɗan Kwikwiyo

Yara, duk wanda ya kwana a Njamena ya san muryar karnuka. Daga Farsha zuwa Shaguwa, daga Mursal zuwa Waliya a ƙetaren kogin Shari, da gari ya yi tsit sai ka ji haushi nan da can. Wasu suna gadin gida, wasu suna gadin garke ko lambu. Wasu kuwa suna ta yawo a juji, ba mai kula da su. Dukansu da ƙuruciya suka fara. Halin da kare ya koya a watanninsa na farko, da shi zai girma. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wannan darasi za mu ga yadda ake kiwon ɗan kwikwiyo har ya zama kare mai tsabta, mai jin magana, wanda ba ya cutar da kowa.

1. Kafin a kawo shi gida

Da farko ka nemi izinin mahaifinka da mahaifiyarka. Kare yana iya rayuwa fiye da shekara 10, kuma kullum sai ya ci, sai ya sha. Wanda ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, kada ya fara.

Karya takan yi kamar kwana 63 da ciki. Ana haihuwar ƴaƴanta ba sa gani, ba sa ji. Idanunsu sukan buɗe bayan kwana 10 zuwa 14. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa sai ya yi mako 8, wato wata biyu. Nonon uwa yana ƙara masa ƙarfi. A wurin wasa da ƴan'uwansa kuma yake koyon cewa cizo da ƙarfi yana da zafi.

Ka karɓo shi daga gidan da ka sani, inda ka ga uwar da idonka. Ka zaɓi mai kuzari, mai idanu garau, wanda ba ya zawo. Kada ka tsinci kwikwiyo a hanya ko a juji, don ba ka san abin da ya cije shi ba.

2. Wurin kwana da abinci

A gidajenmu kare ba ya shiga ɗaki. Ba ya zuwa wurin salla, ba ya sa baki a kwanon mutane. To, a ba shi nasa wuri tun ranar farko. A zaɓi wani lungu mai inuwa a tsakar gida, a shimfiɗa masa tsohon buhu. A daren farko zai yi ta kuka don yana neman uwarsa. Kada ka doke shi. Cikin ƴan kwanaki zai saba.

A ajiye masa kasko biyu, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa. A watannin Maris, Afirilu da Mayu zafin Njamena yakan wuce digiri 40. Kare ba ya zufa kamar mu. Fito da harshe da haki su ne hanyarsa ta shan iska. Saboda haka kada kaskon ruwansa ya bushe, kuma kada a ɗaure shi cikin rana.

Cikin kwikwiyo ƙarami ne. Kafin ya yi wata 3, a ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau 4 a yini. Daga wata 3 zuwa 6, sau 3. Bayan haka sau 2 ya isa. Yana cin tuwo ko shinkafa da aka jiƙa da romo, amma tuwo kaɗai ba ya gina jiki. A haɗa masa da ɗan dafaffen nama, ko ƙwai, ko kifi da aka cire wa ƙaya. Kada a ba shi albasa ko cakulan, suna cutar da shi. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza, don yakan tsage ya soke masa maƙogwaro ko hanji.

3. Koya masa wurin kashi da fitsari

Wannan shi ne aikin da ya fi neman haƙuri. Kwikwiyo ɗan wata biyu kamar jariri yake, ba ya iya riƙe fitsari ya daɗe. Ba don rashin kunya yake ɓata wuri ba. Bai san inda ake so ba ne.

Ka zaɓi wuri ɗaya mai yashi a can ƙarshen gida, nesa da madafa, nesa da randa da rijiya, nesa da inda ƙannenka suke wasa. Ka riƙa kai shi can a waɗannan lokuta:

da asuba, da zarar ya farka;
bayan ya ci abinci ko ya sha ruwa;
bayan ya gama wasa;
da dare, kafin a kwanta.

Ka lura da shi sosai. Idan ka ga yana sansanar ƙasa yana kewaye-kewaye, to ya matsu. Maza ka ɗauke shi ka kai shi wurinsa. Ka tsaya ka jira. Da ya gama, ka yabe shi da murya mai daɗi, ka ba shi ɗan abin taunawa nan take. Da haka zai gane cewa ya yi daidai.

Idan ka kama shi yana yi a inda bai kamata ba, ka ce masa “A'a!” sau ɗaya, ka kai shi wurinsa. Idan kuwa sai daga baya ka ga ɓarnar, kada ka hukunta shi, don ba zai san laifin da ya yi ba. Duka ba ya koya masa tsabta. Tsoronka kawai zai koya, sai ya riƙa ɓuya bayan randa yana yi a ɓoye. Karen da ya girma da duka kuma yakan zama mai cizo.

Ka wanke wurin da ya ɓata da ruwa da sabulu sosai. Hancin kare ya fi namu nesa ba kusa ba. Muddin ya ji warin fitsarinsa a wuri, can zai koma. Kowace rana ka kwashe kashinsa da shebur ka zuba a masai ko ka binne, sannan ka wanke hannunka da sabulu. Yawancin kwikwiyoyi sukan ƙware tsakanin wata 4 zuwa 6.

4. Suna da jin magana

Ka sa masa suna gajere, kamar Duna ko Zaki. Ka koya masa kalmomi kaɗan: “Zo!”, “Zauna!”, “Bari!” Kowa a gida ya riƙa faɗin kalma iri ɗaya, kada ya ruɗe. Minti biyar sau biyu a yini ya isa.

Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28. Daga wata 4 zuwa 6 sukan zube, haƙora 42 na manya su fito. A lokacin nan dasashinsa yana ƙaiƙayi, sai ya yi ta tauna takalma da tabarma. Ka ɗauke takalma daga gabansa, ka ba shi tsohuwar igiya mai kauri. Idan ya kama hannunka da haƙori, ka daina wasan nan da nan. Ka bar shi ya saba ganin kaji da awaki da baƙi tun yana ƙarami, don kada ya riƙa bin su idan ya girma.

5. Lafiyarsa, lafiyarmu

Yawancin kwikwiyoyi suna da tsutsar ciki, kuma tana iya kama yara. A kai shi wurin likitan dabbobi ya ba shi magani. A riƙa duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa a cire kaska.

Mu da muke bakin kogi muna da wani abin lura. Daga shekarar 2012 aka fara ganin kurkunu a jikin karnuka a garuruwan bakin Shari. A 2019 an ƙirga karnuka kusan 2,000 masu kurkunu a Cadi. Masana suna ganin ɗanyen kayan cikin kifi da ruwan tafki su ne hanyar kamuwa. Saboda haka idan an gyara kifi, a binne kayan cikin, kada a jefa wa kare. Karen da kurkunu ya fito masa a ɗaure shi, kada ya shiga ruwa, a kuma sanar da ma'aikatan lafiya.

6. Ciwon haukan kare

Wannan shi ne ciwon da ya fi haɗari. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Ta wurin cizo take shiga jiki, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Da alamun ciwon sun bayyana, babu magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Cikin kowane mutum 10 da ya kashe, 4 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15.

Amma akwai rigakafi. A 1885 wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. A nan Njamena, a 2012 da 2013, cibiyar binciken kiwo ta IRED da ke Farsha ta haɗa hannu da masana daga ƙasar Suwis, aka bi unguwa-unguwa ana yi wa karnuka allura kyauta. An yi wa fiye da 18,000 a shekarar farko, fiye da 22,000 a ta biyu, wato kamar 7 cikin kowane kare 10 na birnin. A 2014 an yi kusan wata 9 ba a sami mahaukacin kare ba. Daga baya ciwon ya sake shigowa daga wajen gari. Wannan ya nuna mana cewa ba a yin rigakafi sau ɗaya a huta.

Idan kwikwiyonka ya cika wata 3, a kai shi a yi masa allura. A adana takardar, a kuma maimaita a lokacin da likita ya faɗa. Kada a bar shi yana yawo a gari.

Idan kare ya cije ka ko ya yakushe ka, ko da naka ne, kada ka ɓoye don tsoron faɗa. Ka wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. Ka gaya wa iyayenka, a kai ka asibiti a ranar. Kada a tsaya sa toka ko barkono. Allurar da aka fara da wuri ita ce take ceton rai.

Yara, kwikwiyo amana ne a hannun mai shi. Ka ciyar da shi, ka koya masa da haƙuri, ka kai shi rigakafi. Idan ka yi haka, zai tsare gidanku shekara da shekaru, maƙwabta kuma su kwana da kwanciyar hankali.

Mu koyi kalmomi

kwikwiyo: le chiot
kaska: la tique
kurkunu: le ver de Guinée
ciwon haukan kare: la rage
allurar rigakafi: le vaccin

Tambayoyi

1. Mako nawa ya kamata kwikwiyo ya yi tare da uwarsa?
2. Faɗi lokuta huɗu da ake kai shi wurin fitsari.
3. Don me ba a dukan kwikwiyo idan ya ɓata wuri?
4. Me aka yi a Njamena a 2012 da 2013?
5. Me za ka yi idan kare ya ciji ƙanenka?