Wai Karatun Nan Ba Ya Ƙarewa Ne?

 

Wataƙila a cikinku akwai wadda 'yarta ko maigidanta ya kammala digirin digirgir, an yi walima, an fara kiransa Dakta, sai kuma ya ce zai tafi wata jami'a bincike na shekara biyu. Ke kuwa ki ce, "Oh ni! Wai karatun nan ba ya ƙarewa ne?" To 'yar uwa, gyara zama ki ji.

Wannan mataki shi masana ke kira fosdok. Ba aji ake shiga ba, babu jarrabawa, kuma ba a ba da wani sabon digiri. Aiki ne, ana biyan mai yinsa duk wata. Kamar yarinyar da aka yaye daga koyon ɗinki ce, sai ta zauna wajen wata gwanar hannunta ya ƙara faɗawa kafin ta buɗe nata shagon. Haka sabon dakta ke zama ƙarƙashin babban farfesa yana bincike, ko kan cututtuka, ko irin shuka, ko lissafi, ko kwamfuta, yana wallafa abin da ya gano.

Ƙofofin suna da yawa. Gidauniyar Humboldt ta ƙasar Jamus tana ɗaukar wanda bai wuce shekara 4 da gama digirgir ba, ya yi wata 6 zuwa 24. Tarayyar Turai tana da nata shirin mai sunan Marie Curie, matar da ta ci kyautar Nobel sau biyu, a 1903 da 1911. Dukansu biyu suna ƙara wa mai iyali kuɗi. A shirin na Turai, wanda ya haura shekara 8 yana bincike bayan digirgir ya makara, amma ba a lissafa hutun haihuwa a ciki. Kin ga goyo bai rufe wa mace ƙofa ba ke nan. Akwai ma na mata zalla: tun 2004 gidauniyar Schlumberger take tallafa wa matan ƙasashe masu tasowa a fannin kimiyya.

Sai dai fa a kula da abu biyu. Na farko, aikin na wa'adi ne, yana ƙarewa. Don haka mai koyarwa a jami'a ya nemi izinin tafiya a rubuce, kada garin neman gira a rasa ido. Na biyu, waɗannan gidauniyoyi ba sa sayar da gurbi. Duk wanda ya ce a turo kuɗi ya sama wa 'yarki wuri, ɗan damfara ne.

In 'yarki ce ta zo da maganar, kada ki yi saurin hanawa. A zauna da mijinta da iyaye: wata nawa za ta yi? Da wa za ta tafi? Yara fa? In an daidaita, ki sa mata albarka.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.