Ɗumama Tanki da Bututu da Wayar Lantarki: Yadda Za Ka Hana Manja, Zuma da Molasis Daskarewa a Lokacin Hunturu

Ya kai manomi, da kai mai sarrafa amfanin gona, ka san halin Maiduguri sarai. A watan Afrilu zafin rana yakan haura digiri 40, amma daga Disamba zuwa Janairu sanyin asuba yakan sauko ƙasa da digiri 15. Wannan sanyi bai isa ya daskarar da ruwa ba, amma ya ishi manja da man kaɗanya su kama jikinsu. Zuma kuwa a wajen digiri 14 ta fi saurin yin tsakuwa. Haka ma molasis, wato baƙin ruwan nan mai kauri da ke saura bayan an tace sukari, irin wanda ake samu a masana'antar sukari ta Numan, wanda masu kiwon turka ke gauraya wa shanu a abinci: idan sanyi ya kama shi, sai ya ƙi bin bututu.

Abin da aka saba yi shi ne a jera jarkoki a rana, ko a hura wuta a ƙarƙashin duro. Rana ba ta da laifi, sai dai ba a iya ɗauko tankin lita dubu a kai mata. Wutar itace kuwa ɓarnarta ta fi amfaninta. Man da ke gindin duro yakan ƙone tun na sama bai narke ba, jan launinsa ya kwashe, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A ya ragu, ɗanɗano ya canza, farashi ya faɗi. Ga kuma haɗarin gobara a ɗakin da aka cika da mai.

Akwai dabarar da manyan masana'antu suka daɗe suna amfani da ita, wadda a yau ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa za ta iya mallaka. Ita ce wayar ɗumama ta lantarki, wadda ake liƙa wa bayan bututu ko tanki, sannan a lulluɓe ta da bargo mai tsare zafi.

Mece ce wayar ɗumama?

Waya ce mai faɗi kamar ƙaramin ɗamara, wadda ke fitar da ɗumi a duk tsawonta idan an ba ta wuta. Iri biyu aka fi samu.

Na farko shi ne mai ƙarfi tsayayye. Zafin da yake bayarwa ɗaya ne ko da sanyi ko da zafi. Yana da araha, amma idan ya hau kan kansa, wurin da ya haɗu yakan yi zafi har ya ƙone, kuma dole ne a haɗa shi da na'urar daidaita zafi.

Na biyu shi ne mai daidaita kansa, wanda kamfanin Raychem na Amurka ya fito da shi a farkon shekarun 1970. A cikinsa akwai sillen jan ƙarfe guda biyu a jere, tsakaninsu kuma roba ce da aka cakuɗa da baƙin gawayi. Idan wuri ya yi sanyi, robar takan tsuke, wuta ta sami hanyoyi da yawa na ratsawa, ɗumi ya ƙaru. Idan wuri ya ɗumama, robar ta buɗe, hanyoyin su ragu, ɗumin ya sauka. Ana iya yanka shi daidai tsawon da ake bukata. Shi ne ya fi dacewa da ƙananan wuraren sarrafa amfanin gona, ko da yake ya fi tsada.

Ana auna ƙarfin wayar da wat a kowace mita. Waɗanda suka dace da irin aikinmu sukan kama daga wat 10 zuwa 30 a mita, kuma su kasance masu aiki da bolt 230, wato ƙarfin wutar gida ta Nijeriya.

Aikinta riƙe ɗumi ne

Wannan shi ne abin da ya kamata ka fara fahimta kafin ka kashe ko kwabo. Wayar ɗumama ba murhu ba ce. An yi ta ne don ta mayar da ɗumin da sanyi ke sacewa, ta yadda man da aka zuba a narke zai kwana a narke.

Dubi wannan lissafi. Manja lita 1,000 ya kai nauyin kilo 900. Kafin ka ɗaga ɗuminsa da digiri 20, kana bukatar wuta wajen yunit 10, ban da ƙarin da narkewar kanta ke ci. Idan ka naɗa wa tankin waya mita 20 mai wat 30, ƙarfinta duka wat 600 ne, wato za ta shafe kusan awa 17 tana aiki, idan ma babu ɗumin da ke zurarewa. Saboda haka wanda ya bari mai ya daskare, sannan ya kunna waya da asuba yana jiran ya sayar da hantsi, ya ɓata lokacinsa. A kunna ta tun ranar da aka sauke kaya, man yana da ɗuminsa.

Ɗumin da kowane kaya ke so

Hukumar Codex, wadda hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa a 1963, ta fitar da ƙa'idar ajiya da jigilar man girki a 1987. Ƙa'idar ta ce a ajiye manja tsakanin digiri 32 da 40, a kai shi 50 zuwa 55 lokacin lodi ko saukewa kawai. Man kaɗanya a ajiye shi tsakanin 38 da 41. Ta kuma yi gargaɗin a ɗumama babban tanki sannu a hankali, kada ƙarin ya wuce digiri 5 a cikin awa 24, kuma kada a bari jan ƙarfe ko tagulla su taɓa mai, domin suna gaggauta lalacewarsa. Don haka ka duba kan famfon tankinka: idan na tagulla ne, sauya shi da na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Zuma kada ta wuce digiri 40, don kada ƙamshinta da ingancinta su tafi. Molasis ma kada a riƙe shi sama da digiri 40, domin zafi mai yawa yana ƙona sukarin da ke cikinsa, har ya yi kumfa ya tumbatsa. Man gyaɗa kuwa ba ya bukatar wannan waya a Maiduguri, sanyinmu bai kai ya hana shi gudu ba. Kada wani ɗan kasuwa ya sa ka sayi abin da ba ka da bukatarsa.

Yadda ake ɗaura ta

Haɗa wuta aikin ƙwararren ma'aikacin lantarki ne, mai takardar shaida daga hukumar NEMSA. Amma kaya naka ne, ya kamata ka san abin da za ka tsaya a kansa.

1. A gama duk wani aikin walda da fenti tukuna. A tabbata bututu da tanki ba sa yoyo, a goge mai da tsatsa, a goge duk wani kaifi da zai iya yanka rigar wayar.

2. Kafin a warware wayar, a gwada ta da na'urar Megger, mai auna ƙarfin rigar waya. Kada sakamakon ya gaza megohom 20. A sake gwadawa bayan an ɗaura ta, a kuma sake bayan an sa bargo. A rubuta duka ukun a littafi.

3. A jikin bututun da ke kwance, a bi da wayar ta gefen ƙasa, inda hannun agogo ke nuna ƙarfe huɗu ko ƙarfe takwas. Nan kaya ke fara kwantawa, kuma nan ta fi tsira daga taku da faɗuwar kaya.

4. A ɗaure ta da tef na zaren gilashi duk bayan santimita 30. Kada a yi amfani da wayar ƙarfe ko ƙusa, kada kuma a yi amfani da baƙin tef na roba, domin yana saki idan ya ji ɗumi.

5. A bar rarar waya a wurin bawul, da famfo, da mahaɗar bututu, da ƙafafun da ke ɗauke da shi. Ƙarfe ya fi yawa a waɗannan wurare, can ne ɗumi ya fi gudu, can ne kuma toshewa ke farawa. A naɗa ta yadda za a iya kwance bawul ba tare da an yanka ta ba.

6. A jikin tanki, a naɗa ta a kashi ɗaya bisa uku na ƙasa, da kewayen mafitar mai, sannan a bi bayanta da tef na alminiyam don ɗumi ya bazu. Idan tanki ko bututu na roba ne, a zaɓi waya mai ƙarancin wat, a shimfiɗa tef na alminiyam a ƙarƙashinta da samanta. Ko kusa kada a jefa wayar cikin man.

7. A toshe ƙarshen wayar da murfin da aka sayo tare da ita. Kada a murɗe sillen nan biyu wuri ɗaya kamar yadda ake yi wa wayar gida, yin haka zai haɗa wuta nan take.

8. A liƙa bakin na'urar daidaita zafi a jikin ƙarfe, nesa da wayar, don ta auna ɗumin kaya, ba ɗumin waya ba.

9. A haɗa ragar ƙarfen da ke cikin rigar wayar da wayar ƙasa, a kuma sa makunnin kariya mai yanke wuta da kansa da zarar miliamfiya 30 ta zurare. Fis na gida ba ya jin irin wannan ƙaramar zurara, ita kuwa ta isa ta kashe mutum ko ta tada gobara.

Bargo shi ne rabin aikin

Waya ba tare da bargo ba tamkar zuba ruwa ne a kwando. A lulluɓe tanki da bututu da audugar gilashi ko audugar dutse, mai kaurin santimita 5 ga tanki, har da murfinsa, sannan a rufe da falle na alminiyam ko langalanga, a liƙe duk wata kafa da ruwa zai shiga. Kada a sa tsumma, buhu ko katifar soso, domin idan suka sha mai sun zama makamashi. A manna alamar gargaɗi a bayan rufin duk bayan mita uku, don kada wani ya zo ya huda.

A Maiduguri bargo yana da wani muhimmanci na daban. A Janairun 2021 'yan ta da ƙayar baya sun rusa turakun layin wutar da ke zuwa daga Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu, abin da ya sa aka gina tashar wuta mai aiki da iskar gas mai megawat 50, aka buɗe ta a Maris na 2023. Darasin shi ne kada ka ɗora dukiyarka a kan wuta kaɗai. Tankin da ya sami bargo mai kyau yakan riƙe ɗuminsa awoyi masu yawa bayan an ɗauke wuta, marar bargo kuwa kafin asuba ya huce. Idan kuɗinka ba su isa duka biyun ba, fara da bargo. Idan da janareta ko sola za ka yi aiki, ka sani waya mai daidaita kanta tana jan wuta fiye da kima a mintunan farko idan ta kwana cikin sanyi, don haka a bar mata rara a lissafi.

Kula da ita

Ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Oktoba, kafin hunturu ya kankama, a kira ma'aikacin lantarki ya sake gwajin Megger, ya kwatanta da abin da ke cikin littafi. Idan lambar tana raguwa shekara bayan shekara, ruwa na shiga ko riga ta fara lalacewa. A buɗe akwatin haɗin wuta a share ƙura, a ƙara ɗaure kusoshi, a duba ko ɓeraye sun yi sheƙa a cikin bargo.

A tsawon hunturu, danna maɓallin gwaji na makunnin kariya sau ɗaya a wata. Ka riƙa auna ɗumin kaya safe da yamma, kana rubutawa. Idan makunnin ya yanke wuta da kansa, ba taurin kai yake yi ba, wani abu ya gani. Kada ka yarda a tsallake shi, a nemo inda matsalar take. Wurin da waya ta ƙuje ko ta ƙone, a yanke shi a haɗa da mahaɗin da aka yi dominta, ba a naɗe da tef ba. Duk wanda zai taɓa bututu, ya kashe wuta daga tushe tukuna.

Da shigowar Maris a kashe ta, bazara za ta yi aikin kyauta. Da damina kuma ruwa ne abokin gaba, domin jiƙaƙƙen bargo ba ya tsare ɗumi, sai ma ya sa ƙarfe tsatsa. Ambaliyar Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ta nuna cewa ruwa yana iya kaiwa inda ba a zata ba. A kafa akwatin haɗin wuta a sama, kuma duk wayar da ruwa ya taɓa shanyewa, kada a kunna ta sai an sauya bargon an kuma gwada ta.

Kira ga malamin gona

Wannan dabara ba ta mai jarka biyu ba ce, shi rana ta ishe shi. Mai duro ɗaya ko biyu kuma akwai ɗamarar ɗumama da ake ɗaura wa duro mai lita 200. Waya ta fi dacewa da ƙungiyar da ke da tanki, da bututu, da famfo, wadda daskarewar kaya ke tsayar mata da ciniki ko ciyar da dabbobi. Kafin ka ba da shawara, zauna da 'yan ƙungiya ku lissafa asarar da suka yi a hunturun bara, ku kwatanta da kuɗin waya, da bargo, da makunnin kariya, da ladan ma'aikaci, da na wuta. Waya mai wat 600 ba za ta ci fiye da yunit 6 ba a daren awa goma idan ta kama aiki sosai. Idan lissafi ya fita, a sayi waya mai sunan kamfani, da ƙarfinta, da iyakar zafinta a rubuce a jikinta. Araha ba ta ado, balle a inda wuta da mai suke kwana ɗaki ɗaya.

Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinka, ko ofishin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Borno mafi kusa da kai.