Ranar da Kare Ya Yi Baƙo

Idan kaka ta wuce, ruwan Kogin Haɗeja ya fara janyewa daga fadamu, mafarautan ƙauyukan Auyo, Kirikasamma da Guri sukan shiga shirin fita daji. A wannan lokaci ne mafarauci kan samo sabon kare don ya ƙara a kan wanda yake da shi. Sau da yawa yakan shigar da baƙon cikin gida kai tsaye, sai faɗa ya kaure, ɗaya ya tashi da yagaggen kunne, mai ƙoƙarin raba su kuma ya sha cizo.

Masana halayyar dabbobi sun bayyana dalili. Kare yana da kishin muhallinsa, yana shata iyakarsa da fitsari, kuma yakan ɗauki baƙon da ya ƙetare ta a matsayin abokin gaba. Da hanci yake gane ɗan'uwansa. Ƙwayoyin jin wari da ke hancin mutum kimanin miliyan 6 ne, na kare kuwa sun haura miliyan 100. Shi ya sa karnuka ke sansanar gindin wutsiyar juna, inda wasu 'yan jakunkuna biyu ke fitar da warin da ya keɓanta ga kowane kare.

Saboda haka dabara ita ce a haɗa su a filin da ba na kowa ba, kamar gonar da aka girbe a bayan gari. Mutum biyu su riƙe su da igiya sako-sako, su yi tafiya gefe da gefe da tazara a tsakani, ana rage ta sannu a hankali. In jikinsu ya saki, a bar su su sansani juna na 'yan daƙiƙu. In kuwa gashin baya ya miƙe, wutsiya ta sandare, haƙora suka bayyana, a ja da baya a sake gwadawa. A gida kuma kowa da kaskon abincinsa.

Kafin wannan duka, wajibi ne likitan dabbobi ya yi wa baƙon allurar rigakafin ciwon haukan kare, wanda ke bin yawu ta hanyar cizo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti a ranar, domin da zarar alamun cutar sun bayyana, da wuya a tsira.