Kumfar da ido ba ya gani a cikin tiyon ban-ruwa

Manomin albasa a Galmi ko a gandarin Birnin Ƙwanni, wanda madatsun Mozage da Zongo ke shayarwa, ya san wannan: a ɗebo ruwa mai sanyi a bokitin roba, a ajiye a rana, an jima sai ƙananan kumfa su lulluɓe jikin bokitin. Ruwan sanyi ya fi riƙe iska, da ya ɗumama sai ya sako ta. To akwai wasu ƙannen waɗannan kumfa, su ba a auna su sai da nanomita, wato milimita ɗaya an raba ta gida miliyan.

A 1994 masana Parker, Claesson da Attard suka fara hasashen akwai su. Sai a 2000 masu bincike a Shanghai da Japan suka ɗauki hotonsu da na'ura mai ɗan tsinken da ke lalube jikin abu. Siffarsu ta ƙoƙo ce a kife, manne da bangon abin da ruwan ke taɓawa. Tsayinsu yakan kama daga nanomita 10 zuwa 100, faɗin kuwa ya ninka tsayin sau da yawa.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne daɗewarsu. Kumfa iya ƙanƙantarta iya matsin da ke cikinta. Wadda rabin faɗinta nanomita 100 ne, in zagayayya ce, matsinta ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 14, don haka a lissafi kafin ƙiftawar ido ta narke. Amma an ga suna kwana suna yini. A 2015 Detlef Lohse da Xuehua Zhang suka bayyana dalili: gefen kumfar yana maƙalewa a ƙarzo ko dattin bangon, ba ya motsi. In iska ta ragu sai kumfar ta ƙara kwantawa, matsin ya sauka, ruwan da ya cika da iska kuma ya mayar mata da abin da ta rasa.

Shi ya sa ba barkatai suke zama ba. Sun fi son abin da ruwa ba ya kamawa, irin su roba, suna jeruwa a kan tsagi da gefen tudu, kuma kewayen babbar kumfa yakan zama fili don ta janye iskar wurin. Bangon ne ke tsara girmansu da mazauninsu.

A ƙasashen waje ana sayar da injunan cusa irin waɗannan kumfa cikin ruwan ban-ruwa, wai saiwa ta samu iska. Waɗancan masu yawo ne cikin ruwa, ba na jikin bango ba, kuma masana na kan muhawara a kansu. Ni a ganina, kafin manomin Malbaza ko Illela ya zuba kuɗin albasarsa, masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, su fara gwada injunan da ruwanmu, a ƙasarmu, cikin zafin Afrilu.