Jan Ɗigo da Shekararsa: Na'urar Saiti a Kan Bindigar Kwaikwayo

A Amurka, Ingila da Japan akwai mutanen da sha'awarsu ita ce su harhaɗa bindiga har ta zama tamkar wadda sojan wata runduna ya riƙe a wata shekara takamaimai. Wasu masu tara kayan tarihi ne, wasu ma'aikatan fim, wasu kuma 'yan wasan airsoft da bindigoginsu ƙwallayen roba masu faɗin milimita 6 kawai suke harbawa. Gangar jikin bindigar ba ta cika ba su wahala ba, domin M16 da ƙanwarta M4 sun daɗe da siffar da aka san su da ita. Inda ake faɗuwa shi ne a samanta: na'urar saiti mai jan ɗigo, da mazaunin ƙarfen da ke riƙe da ita. Su biyun nan ke faɗin shekara. Wanda ya ɗora na'urar 2007 a kan bindigar 1993, a idon masana ya yi abin da mai fim ke yi idan ya bar agogon hannu a hannun jarumin zamanin Shehu.

Yadda na'urar ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Akwai ƙaramar fitila a cikin bututu, tana jefa haskenta kan gilashi mai ɗan lanƙwasa, gilashin ya maido shi cikin idon mai kallo a matsayin ɗigo ja da ke shawagi a kan abin da ake dubawa. Ba ta ƙara girman abu, kuma ana kallo da ido biyu a buɗe. Tushen dabarar tsoho ne: Howard Grubb, maƙerin madubin hangen taurari ɗan ƙasar Ayalan, ya yi mata rajista tun 1900. Amma sai a 1975 kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ya fito da irinta mai batir da fitilar LED. Ke nan duk bindigar da ake so ta wakilci shekarun da suka gabaci haka, babu wannan na'ura a kanta.

Akwai dai abin da ya yi kama da ita. A daren 21 ga Nuwamba 1970 sojojin Amurka na musamman su 56, ƙarƙashin Kanar Arthur Simons, suka dira a sansanin fursunoni na Son Tay, yamma da Hanoi. Ba su tarar da fursunonin ba, an riga an kwashe su. Abin da masu wannan sha'awa suka riƙe daga daren shi ne na'urar Singlepoint, ƙirar Birtaniya, da aka ɗaura a kan mariƙin gajerun bindigoginsu. Ita ba a gani ta cikinta. Ido ɗaya yana ganin ɗigo a cikin duhun bututu, ɗayan yana ganin duniya, ƙwaƙwalwa ta haɗa hotunan biyu. Sojojin sun ƙara ɗaure ta da baƙin salatif na masu gyaran lantarki don kada ta girgiɗe, shi ya sa mai kwaikwayon bindigar Son Tay da ya san abin da yake yi ba ya mantawa da salatif ɗin.

Wannan mariƙi shi ne mabuɗin zamani na farko. M16 ta asali tana da mariƙi haɗe da jikinta, ba ya ciruwa, da rami guda a tsakiyarsa. Duk abin da za a ɗora sai ta wannan rami, da noti daga ƙasa. Na'urar takan zauna can sama, har soja ya ɗaga kumatunsa daga gindin bindiga kafin ya ga ɗigon. Haka mayaƙan rundunar Delta suka shiga Mogadishu a ranar 3 ga Oktoba 1993, da dogayen siraran bututun Aimpoint na wancan lokaci, dangin 2000, 3000 da 5000, a kan gajerun bindigogin Colt. Fim ɗin Black Hawk Down na 2001, duk da ƙoƙarin da ya yi wajen kayan sawa da jirage, ya ɗora wa jarumansa samfurin da bai shiga hannun sojoji ba sai shekaru bayan yaƙin. Mutane da yawa sun kwafi bindigar fim ɗin suna zaton ta Mogadishu suka kwafa.

A watan Fabrairu 1995 komai ya canza. Ma'aikatar tsaron Amurka ta amince da ma'auni guda na layin ƙarfe mai tsaga-tsaga da ake shimfiɗawa a bayan bindiga, MIL-STD-1913, wanda kowa ke kira Picatinny, da sunan ma'aikatar makamai ta jihar New Jersey. M4 ta zo da mariƙin da ake kwancewa, layin yana ƙarƙashinsa. A 1997 rundunar ƙasa ta ba Aimpoint kwangila, ta raɗa wa na'urar suna M68.

A nan ne ruɗani ya fi yawa, domin M68 sunan aiki ne, ba sunan na'ura guda ba. Ya fara da CompM. Daga shekarar 2000 ya koma kan CompM2, wadda ita ce fuskar yaƙin Afganistan da farkon na Iraƙi: bututu mai faɗin milimita 30, ƙaramin batir na musamman, da ɗigon da ke rufe kusan santimita 12 a nisan mita 100. Daga baya, wajen 2007, sunan ya sake komawa kan CompM4, mai kauri, mai cin batir ɗin AA irin na rediyo, wanda kamfanin ya ce guda ɗaya zai kai awa 80,000. Ko ita ma kashi biyu ce: a CompM4 gidan batir yana sama, a CompM4S yana ƙasa. Wanda ya ce ya sayi M68 bai faɗi komai ba tukuna. Sai an tambaye shi: wacce?

Mazauni ya fi na'urar tona asiri, kuma shi aka fi rainawa. CompM2 ta sojan ƙasa na gama-gari tana zaune ne a kan mazaunin QRP, mai dogon maɓalli da ya fito gefe, wanda ake murɗawa har ya yi ƙara alamar ya ɗauru, da ɗan ƙarfe a ƙarƙashi don ƙara tsayi. CompM4 ta zo da QRP2, mai gajeren maɓalli mai faɗi. Rundunonin da har lokacin suke riƙe da tsohuwar M16A2 mai mariƙi sun samu wani mazauni mai lanƙwasa da suke kira wuyan dinya, wanda ke kama mariƙin ya miƙa na'urar gaba, ya saukar da ita a kan makarin hannu. Ita kuwa CompM2 ɗin nan, idan ta hau mazaunin kamfanin Wilcox, ta tashi daga ta sojan ƙasa ta koma ta mayaƙan ruwa na musamman, ta kan gajeriyar bindigar Mk 18. Na'ura ɗaya, runduna biyu, kuma ƙarfen da bai kai tafin hannu ba ne ya raba su. Dogayen mazaunan da suka yi tashe a ƙarshen shekarun 2010, masu ɗaga na'ura sama da inci 2 don a samu sauƙin kallo da madubin dare, suna da kyau a hoto, amma ba su da gurbi a kan bindigar 2004.

Kamfanin EOTech, wanda ya taso a garin Ann Arbor a jihar Michigan, ya bi wata hanya. Na'urarsa akwati ce mai taga, tana nuna zobe da ɗigo a tsakiya ta hanyar hasken leza, kuma ta fara fitowa kasuwa a 1996 da sunan Bushnell HoloSight. Ana gane shekarunta da batir. 551 gajeriya ce, 552 doguwa saboda AA guda biyu, 553 ta zo da hannayen ɗaurewa na kamfanin ARMS a jikinta, sojoji suka kira ta SU-231, sannan EXPS3 mai launin ƙasa, mai batir guda a gicciye, ta zama SU-231A. Wannan dangi yana da tabo a tarihinsa. A Nuwamba 2015 kamfanin L-3, mai EOTech a lokacin, ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 25.6 don sasanta ƙarar cewa an ɓoye matsalar gocewar saiti a tsananin zafi da sanyi. Tambarin da ke jikin na'urar ma ya sauya sau da dama, kuma masu tsantseni suna duba shi.

A ɓangaren Rasha lissafin daban ne. AK-74M ta 1991 tana da wurin ɗaura na'ura a gefen hagu na jikinta, kuma na'urar Kobra, ƙirar garin Izhevsk, daga nan take kamawa ta leƙo sama. Layin Picatinny a saman murfi na zamanin AK-12 ne, wadda aka karɓa a 2018.

Yaya ake yanke hukunci? Masu ƙwarewa ba sa farawa daga shago. Suna zaɓar runduna da shekara, su nemi hotunan da aka san ranar ɗaukarsu, su ƙura ido kan gidan batir, siffar maɓalli, murafun gilashi, da tsagar da na'urar ta zauna a kai. Takardar rabon kaya tana faɗin abin da aka ba soja, hoto yana nuna abin da ya ɗauka ya fita da shi, kuma sau da yawa ba ɗaya ba ne: sojoji sun sayi mazaunan kamfanonin LaRue da ARMS da kuɗinsu, kuma tsofaffin CompM2 sun ci gaba da aiki shekaru bayan zuwan CompM4. Saboda haka tsohuwar na'ura a kan sabuwar bindiga tana iya samun hoton da zai kare ta. Sabuwa a kan tsohuwa ba za ta taɓa samu ba.

Saura batun kuɗi. Aimpoint 2000 da 5000 an daɗe da daina ƙera su, sai a hannun masu tsofaffin kaya, kuma farashinsu ya hau saboda masu neman bindigar Mogadishu. 'Yan airsoft da masu fim sukan wadatu da kwafi mai araha, wanda ya isa aikinsu tunda bindigarsu ba ta da bugun da zai wargaza shi. Haɗarin yana ga wanda aka sayar wa kwafin da kuɗin na asali, domin jabun CompM2 da na EOTech sun cika kasuwa, da tambari da lamba da kwali. Kamfanonin biyu, Aimpoint da EOTech, suna tantance lambar da ke jikin na'ura ga wanda ya tuntuɓe su, kuma ya kamata a yi haka kafin kuɗi su bar hannu.