Kuɗin Gyaran Gashi da Hukuncin Haraji a Ostareliya

Wata mas'ala da ma'aikatan jinya na Ostareliya sukan tayar idan shekarar haraji ta ƙare ran 30 ga Yuni ita ce ta kuɗin gyaran gashi, domin tun da asibiti yakan wajabta wa nas ta ɗaure gashinta ta tsabtace shi saboda lafiyar majinyata, sai ta ga abin da ta kashe a kansa hidimar aiki ce, ya cancanci rangwamen haraji. Hukumar haraji ba ta karɓi wannan hujja ba. Bisa ga sashe na 8-1 na dokar haraji ta 1997, buƙatar mutum ta ƙashin kansa ba a rangwanta ta, kuma hukumar ta sanya aski da gyaran gashi cikin wannan babi, ko da mai aikin ne ya sharɗanta su, hukuncin da nake ganin yana da ɗan tsauri, amma bai rasa dalili ba. Sai dai hukumar ta halatta cire kuɗin wankin yunifom na wajibi, da na sayen takalmi maras santsi, da na agogon da nas take maƙalawa a ƙirji.